Yaran Barikin Kuza

Duk wanda ya tashi a barikin Bisichi ko na Gindin Akwati a shekarun 1960 ba ya manta rugugin injinan haƙar kuza da sanyin asubar Filato. Kakannin yaran daga Kano, Katsina da Borno suka zo neman kuɗin haraji; wasu kuma tilas aka kwaso su tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Yaro a bariki ya san kuza tun kafin ya iya wanke allo. Bayan makaranta sai a nufi rafi da ƙwarya, a ɗebi yashin da kamfani ya zubar, a yi ta rairaya har baƙin tsakin nan mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Abin da aka samu na uwa ne, ta haɗa kuɗin cefane. Ɗan Birom da ɗan Bahaushe da ɗan Ibo tare suke wannan aiki.

Farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, manyan kamfanoni suka watse. Ramukan da ba a cike ba sun zama tafkuna masu zurfi: ana noman rani a bakinsu, amma sun ci yara da yawa masu koyon iyo, kuma wannan sakaci ne babba.