Yadda Muka Auna Ƙarfin Wutar Makarantarmu da Arduino

Ƴan uwa ɗalibai, duk bazara wutar unguwarmu takan yi rauni, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, amfilin masallaci ya yi ta gurnani. Shi ya sa mu ƴan ajin ƙarshe muka haɗa ƴar na'ura mai nuna ƙarfin wuta, don a san lokacin kashe kaya kafin su lalace.

Wutar gida a Nijar volt 220 ce. Ba a kai ta kusa da Arduino, kisa take yi. Ƙaramin taransifo muka samo mai sauke ta zuwa volt 9, kuma babban mutum ne ya haɗa mana ɓangaren 220.

To, ko volt 9 ɗin ma akwai magana. Ƙafar A0 ta Arduino Uno daga 0 zuwa volt 5 kawai take karɓa, ta mayar da su lamba daga 0 zuwa 1023. Ita kuwa wutar taransifo kai-komo take yi sau 50 a daƙiƙa: ta hau kusan volt 13 sama da sifiri, ta sauka kusan 13 ƙasa da shi. Mun yi gaggawa mun haɗa kai tsaye, muka ƙona allo guda. Kuɗin karo-karonmu ne ya tafi.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko, rezistans 100k da 10k a jere suna rage wutar sau 11, ta koma volt 1 da ɗan ɗoriya. Na biyu, wasu rezistans biyu masu ƙarfi ɗaya tsakanin 5V da GND suna ba da volt 2 da rabi, da kondansatar 10µF don ta tsaya cak. A kan wannan tsakiyar ake ɗora kai-komon, sai ya zauna tsakanin volt 1 da 4.

Karatu ɗaya ba ya isa, tunda wutar ba ta tsayawa. Arduino ya karanta sau ɗaruruwa, ya cire 512 daga kowace lamba, ya ninka ta da kanta, ya fitar da matsakaici, sannan ya nemo saiwarsa da umarnin sqrt. Daga nan muka gwada da mitar mai gyaran rediyo, muka daidaita lissafin har suka zo ɗaya.

Yanzu in allon ya nuna ƙasa da 190, mai lura da masallaci yakan kashe amfili.