Jakin da Ba Ya Cin Dusar Kowa Sai ta Dillali

Duk wanda ya yi kiwon jaki a Kabo ko Gwarzo ya san halinsa: in ya saba da hanyar rijiya, ko ka rufe masa ido zai kai ka ya dawo da kai. To, a ce ranar kasuwa dillali ya tare ka da jaki lafiyayye, ya ce kawo rabin kuɗinsa. Sai da ka ɗaure shi a turke ka gane dalilin arahar: ba ya cin dusar kowa sai ta dillalin, ba ya bin hanya sai wadda ta ratsa ƙofar rumfarsa. 'Yar na'urar intanet ɗin nan da masu POS da ɗalibai ke zurawa a aljihu, MiFi, da yayarta rawuta ta kan tebur, galibi irin wannan jakin ne. Ka sa mata layin wani kamfani, ta toge.

Ba ƙafa ce ta gaza ba, horo ne. Na'urar ƙaramar kwamfuta ce cikakkiya, tana da ƙashi da tsoka. Amma manhajar da ke tafiyar da ita, wadda take fara karantawa da zarar an kunna ta, ita ce tarbiyyar da aka yi mata tun tana 'yar aholakiya. Dillali, wato kamfanin layi, ya yi asara a kan jaki don ya mayar a kan dusa, wato kuɗin data. Banza ai ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan cinikin ya daɗe. A 1999 wani kamfanin Amurka, Netpliance, ya fito da wata na'ura mai allo da madannai, i-Opener, aikinta shiga intanet kawai. Ya karya farashinta har dala 99, ƙasa sosai da kuɗin ƙera ta, da niyyar ya riƙa karɓar dala ashirin da 'yan kai duk wata. A farkon 2000 wani injiniya a Las Vegas ya kwance bayanta, ya tarar da wurin jona rumbun ajiya zaune ba kowa. Ya jona, ya ɗora mata wata manhajar. Labari ya bazu, jama'a suka dinga kwasar jakin suna sa masa manhajar Linux ko ta Windows, ba mai sayen dusa. Kamfanin ya zuba gam mai ƙarfi a kan ƙwayar da ke tayar da na'urar, wato ya yi wa jaki dabaibayi da ƙarfe, ya kuma ƙara sharuɗɗa. Ba a jima ba ya bar sana'ar.

Akwai kuma inda jakin ya samu 'yanci ta ƙofar gaba. An gano rawutar Linksys WRT54G da Linux take aiki, shi kuwa Linux ƙa'idarsa ita ce wanda ya ɗauka ya gyara ya sayar, to ya nuna wa kowa abin da ya gyara. A 2003 aka fitar da asirin manhajarta, a 2004 masu sa kai suka gina OpenWrt a kansa. Yau rawutoci iri-iri suna karɓar wannan sabon horo, su koyi raba data tsakanin mutanen gida, su hana wani shanye ta shi kaɗai.

Mu nan, asibitin jakunan yana kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Sai dai aiki biyu ne, kada a haɗa maka su. Buɗe na'ura don ta karɓi kowane layi, kwance dabaibayi ne kawai. Fulashin kuwa, goge tsohon horo ne kakaf a zuba sabo, kuma nan haɗarin yake. In aka ɗauke wuta ana tsakar zubi, ko aka ɗura mata manhajar wani samfuri mai kama da ita, jaki ya manta tsohuwar hanya bai koyi sabuwa ba. Sai ya kwanta a tsakar titi, duka ba ya tashe shi, lallashi ba ya tashe shi. Dillali ma ba zai karɓe shi ba, don garanti ya tashi tun ranar da aka kwance noti.

Don haka, malam, tun a wurin ciniki ka tambaya: a kulle take ko a buɗe? In sabis ɗin kamfanin yana kamawa har ɗakinka, ci arahar ka bar ta yadda take. In kuwa sai ka hau katanga kafin ya kawo, ƙara kuɗi ka sayi buɗaɗɗiya. Wadda ke hannunka kuma, in ka biya kuɗinta kaf, babu bashi babu alkawari, kai ta wurin gwani, batir a cike, ka ce ya kwafe tsohuwar manhajar ya ajiye kafin ya taɓa komai. Wanda ya ce maka ba sai an ajiye ba, ɗauki na'urarka ka yi gaba.