Gidan da aka buɗe don Allah ma a bari a leƙa cikinsa

Akwai wata magana da ke yawo a rumfunan Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ke ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi, duk lokacin da hira ta biyo ta kan gidajen mari da gidajen marayu da sauran wuraren da ake kai mutum a ajiye don a kula da shi. Za ka ji dattijo mai mutunci ya ce, "Bawan Allah ya buɗe gida don Allah, ya ɗauke wa jama'a nauyin da gwamnati ta kasa ɗauka, sannan a zo ana yi masa binciken ƙwaƙwaf, ana tambayarsa takarda? Wannan ai toshe ƙofar alheri ne." Na kusa da shi ya ƙara da cewa sharuɗɗan nan duk na Turawa ne, su da ke kai iyayensu gidan tsofaffi, mu nan tsoron Allah ya wadatar.

Masu wannan magana ba mugaye ba ne, kuma da yawansu abin ya taɓa su. Ɗauki mai shagon atamfa da ɗansa ya faɗa shan kodin da tiramol, ya kwashe kuɗin ciniki, har ya kai ga ɗaga wa mahaifiyarsa hannu. An yi nasiha, an yi addu'a, an tara kawunnai da baffanni, abu ya gagara. A irin wannan hali duk wanda ya ce "kawo shi, zan gyara maka shi" ya zama mai ceto. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar da haɗin gwiwar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar gaba ɗaya ba su kai 300 ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa shi ke karɓar marasa lafiya daga jihohi da dama. Saboda haka idan aka ce hukuma ta bar giɓi, kuma waɗannan gidaje giɓin suka zo cikewa, ban da ja.

Inda na rabu da iyayena da yayyena masu wannan ra'ayi shi ne cewa kyakkyawar niyya ta isa ta tsaya a madadin sa ido. A nan garin muka ga abin da ya ƙaryata haka. Ranar 26 ga Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa mai allon makarantar addini a ƙofa, suka ce sun fito da mutum sama da 300, manya da ƙananan yara. Duk wanda ya ga hotunan ba zai manta ba: mari a ƙafa, wani an ɗaure shi da ƙarfen tayar mota yana ja, bayan wasu duk tabon bulala, sabo a kan tsoho. Wasu daga cikinsu sun ba da labarin yunwa da lalata. Ba a yi wata guda ba aka fito da mutum 67 daga wani gida a Daura, sannan 147 daga wata cibiya ta biyu a Rigasa, aka kuma samu irin haka a Katsina da Zariya da Ilorin da Ibadan. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can da niyya mai kyau suka kai su, suna biyan kuɗi, suna kwana da tunanin ana karatu ana shiryuwa. Maƙwabta na wucewa ta ƙofar kullum. Abin da ya ɓace shi ne mutum ɗaya daga waje mai ikon cewa "buɗe mini ɗakin can na baya in gani."

Kada kuma a ɗauka malamai kaɗai ake nufi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Nuwamba 2019 bayan ta ziyarci wurare 28 a Najeriya, ciki har da asibitocin gwamnati da cibiyoyin gyaran hali na jihohi da coci-coci da wuraren masu maganin gargajiya, ta tarar ana ɗaure mutane a kusan dukkansu. Matsalar ta rufaffiyar ƙofa ce, ko wane ne ke riƙe da makulli. Wanda ke ciki ba shi da baki. Maraya ɗan shekara shida bai san wa zai kai wa ƙara ba. Tsohuwar da mantuwa ta kama ba za ta iya faɗin ko an ba ta magani jiya ba. Mai taɓin hankali kuwa ko ya faɗi gaskiya sai a ce ciwon ne ke magana. Ko mai gidan waliyyi ne, ba shi ke kwana da su ba. Ma'aikatansa ne, kuma ma'aikaci ɗaya marar imani ya isa ya mai da dare azaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a kasuwa ake wannan magana, wurin da aka fi ko'ina sanin darajar dubawa. Hajiyar da ta zo sayen shadda sai ta warware ta, ta ɗaga ta ga haske, ta murza bakinta da yatsa, kuma mai shago ba ya cewa an zarge shi, ko da a sahu ɗaya yake salla da mijinta. Mai sayen hatsi yakan tura hannu har ƙasan buhu. Wannan tura hannu yana da asali: ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi, sannan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Bai tsaya ga abin da ke sama ba, kuma mai kayan Musulmi ne. Daga irin wannan aka gina aikin muhtasibi, mai sa ido a kan kasuwa, a garuruwan Musulunci, tun ƙarnoni kafin Bature ya zo ƙasar Hausa. To, in har buhun gero ya cancanci a tura masa hannu, yaya ɗan mutum da aka rufe a ɗaki wata shida?

Game da cewa sharuɗɗa na Turawa ne, wuta ba ta tambayar asalin doka. A Agusta 2001 gobara ta tashi a wani gidan masu taɓin hankali a garin Erwadi da ke kudancin Indiya, kusa da hubbaren wani waliyyi inda ake kai marasa lafiya neman waraka. Mutum 28 suka mutu, domin a ɗaure suke da sarƙa, ba su iya gudu ba. Nan kusa, a Ƙaura Namoda, gobarar dare ta kashe almajirai 17 a makarantarsu a Fabrairu 2025. Su Turawan ma takarda ba ta cece su ba. A 2011 BBC ta tona yadda ake azabtar da masu naƙasa a gidan Winterbourne View kusa da Bristol a Ingila, gida mai cikakkiyar rajista, bayan hukumar da ke sa ido ta yi biris da ƙorafin wani ma'aikaci. Lasisin da ke rataye a bango ba ya ganin komai, sai mutum ya taka ya shiga.

Sharuɗɗan da ake gudu, in an zauna an dube su, babu wanda mai tsoron Allah zai ƙi. A rubuta sunan duk wanda aka karɓa, da wanda ya kawo shi, da dalili, da ranar da za a sake duba lamarinsa, don kada a manta da mutum shekara da shekaru. Likita ya gan shi tun farko, saboda abin da ake kira kangara sau da yawa ciwo ne mai magani, kuma yanke wa mai shaye-shaye ƙwaya farat ɗaya ba tare da kulawa ba na iya jefa shi cikin haɗari. A raba yara da manya, a raba maza da mata. A san adadin masu kwana a ɗaki, da inda za su bi in wuta ta tashi, da wanda ke riƙe da makulli da dare. Ruwa da banɗaki da abinci su wadata. Babu mari, babu bulala. Sai kuma wanda na fi ba muhimmanci: uwa ko uba su iya zuwa ba tare da sanarwa ba, su shiga har inda ɗansu ke kwana, su keɓe da shi babu mai tsaye a kansu. Gidan da ke aiki da gaskiya riba zai ci da wannan, domin shi ne zai bambanta shi da na 'yan damfara, ya kuma kare mai gidan ranar da aka yi masa ƙazafi.

Hukuma ma tana da nata bashin. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, kuma a Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma samame da rufe gida ba su warkar da kowa ba, kuma uban da aka mayar wa ɗansa a halin da ya kai shi zai sake neman wani gidan, wataƙila wanda ya fi na farko ɓuya. Dole a samar da wuraren jinya masu sauƙin kuɗi, a sa rajista ta zama mai sauƙi ga mai niyyar gyara, a kuma riƙa tafiya da limamai da masu unguwa da ma'aikatan lafiya wajen duba gidajen, har da na gwamnati.

'Yan kasuwa kuwa suna da ƙarfin da ba su cika lura da shi ba. Daga rumfunan nan buhunan shinkafa da turamen atamfa da kuɗin zakka ke fita zuwa gidajen marayu da na gajiyayyu, musamman da azumi. Alhaji, idan za ka aika a bana, kada ka ba direba ya sauke a bakin ƙofa. Ka je da kanka, ka nemi a nuna maka ɗakin kwana da madafa da banɗaki, ka tambayi wane likita ke zuwa kuma yaushe ya zo na ƙarshe. In an ce maka baƙo ba ya wuce zaure, ka sanar da mai unguwa da ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiha.