Ko Kun Sani? Agajin Abinci a Yaman

Yaman na shigo da kusan kashi 90 cikin 100 na abincinta daga ƙetare, akasari ta tashar jiragen ruwa ta Hudaida. Tun da yaƙi ya ƙazanta a 2015, miliyoyin mutane suka dogara da Hukumar Abinci ta Duniya, wadda ba ta da kuɗin shiga sai gudummawar ganin dama. A taron neman tallafi na Maris 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala biliyan 3.85, aka yi alƙawarin biliyan 1.7 kacal, ko rabi bai kai ba. A Disambar 2023 hukumar ta dakatar da rabon abinci na gama-gari a yankunan da ke hannun 'yan tawayen Huthi, saboda ƙarancin kuɗi da saɓani da mahukuntan yankunan.