Fentin Gaggawa da Dodannin Tyranid

A watan Disamba na 2024 kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan, jama'a kuma suka yi ta al'ajabin yadda sayar da 'yan sojojin roba ya kai shi wannan daraja; alhali kuwa mas'alar da ta fi cancantar bincike ita ce halin da masu sayen suke ciki, waɗanda ake danƙa wa runduna fara fat ko toka-toka, a bar su da buroshi da kwalaben fenti da 'yan sa'o'in da suka rage musu bayan an tashi daga aiki. Fentin gaggawa da ya game ma'abota wasan kamfanin na Warhammer 40,000 a 'yan shekarun nan, a ganina, haraji ne da yawan kaya ya ɗora musu, ko da yake ana tallarsa da sunan rahama.

A dubi akwatin Leviathan da aka fitar a watan Yuni na 2023 domin buɗe bugu na goma na wasan. Mutum-mutumi 72 ne a ciki, 25 na mayaƙan Space Marine, 47 kuwa na Tyranid, dodannin nan da hikayar wasan ta ce daga wajen taurarinmu suke zuwa suna cinye duk mai rai, kuma 20 daga cikinsu ƙananan Termagant ne masu kama ɗaya. Ko wane Termagant yana da gaɓoɓi shida, da jela, da haƙarƙari a fili, da ɓawo hawa-hawa a gadon baya; wanda ya bi tsohuwar ƙa'ida, wato ya shafa launin ƙasa, ya zuba na inuwa, ya sake ɗaga launin, sa'an nan ya bi gefen ko wane ɓawo da bakin buroshi, yana iya ƙarar da maraice guda a kan ɗaya, ga shi kuwa a fagen wasa dodon nan ba ya wuce jifa ɗaya ta ɗan lido a kwashe shi daga tebur. Tun da rundunar Tyranid da yawa take yaƙi, kuma sabon akwati yakan iso tun ba a gama da na bara ba, sai kaya su taru a kan kanta, har ma'abota wasan da kansu suna kiran abin tarin kunya.

Sa'an nan shari'ar wasan ta shigo. Tun bugu na tara, a 2020, aka hukunta cewa wanda ya zo da runduna mai cikakken fenti yana da maki 10 cikin 100 tun kafin a fara, da haka abin da yake mustahabbi ya koma kusa da farilla ga duk mai son gasa. Shekara guda kafin wannan hukunci, a 2019, kamfanin nan dai ya fito da fentin Contrast. Mai hankali ya jera waɗannan shekaru biyu ya yi wa kansa hisabi.

Hikimar fentin ba abin musu ba ce. Ruwa-ruwa ne, ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa, idan aka shafa shi a kan farin shafe sai ya gudu daga tudu ya kwanta a kwari kamar ruwan damina, inuwa da haske su fito a shafa ɗaya. A kan faffaɗan jikin tankar yaƙi yakan yi dabbare-dabbare, amma jikin Tyranid duk lunguna ne da tsagogi, saboda haka babu rundunar da ta karɓe shi kamarta. A 2022 The Army Painter na ƙasar Denmark ya kawo Speedpaint, Vallejo na Sifen ya kawo Xpress Color, kuma a shekarar ce dabarar slapchop ta bazu a YouTube: a fesa baƙi, a goga toka-toka da busasshen buroshi, a ƙara fari a ƙololuwa, a zuba launi a kai. Masu zanen Turai sun san asalin wannan tun ƙarnoni da suka shuɗe.

Masu kare al'amarin suna da hujja, ba na hana su. Sun ce magidanci mai aiki da iyali, wanda dā zai jera roba tsirara a tebur, yanzu yana zuwa da runduna mai launi, kuma wanda hannunsa ke rawa ya sami ƙofar shiga. Sun ƙara da cewa gasar Golden Demon, wadda ake yi tun 1987, tana nan ga masu neman gwaninta. Haka ne. Sai dai sauƙin bai rage tarin da ke kan kanta ba, domin wanda ya ga ya gama 20 a mako guda zuciyarsa takan raya masa ya sayo 40.

Illar da ta fi damuna ita ce ta tarbiyyar hannu. Almajirin da ya fara da launi mai yi masa inuwa da kansa ba ya koyon inda haske ke faɗuwa, ba ya koyon sirka fenti da ruwa gwargwado, ranar da ya ɗauki babban dodo irin Hive Tyrant ko Carnifex, inda ido ke tsayawa ya duba da kyau, sai aibin ya bayyana. Ga kuma kamanni: farar fata da shunayyan ɓawo na Leviathan, daga kwalabe iri ɗaya, bisa bidiyo iri ɗaya, har mutum ya zaga zauren gasa ya kasa rarrabe rundunar wani da ta wani.

Ban ga laifin wanda ya gaggauta a kan ƙananan Termagant ba, domin ba su cancanci fiye da haka ba. Amma masu shirya gasa su sake duban makin nan 10, su daina auna shi da cikar launi kawai, tun da kamfanin da ya tsara hukuncin shi ne mai sayar da dodon, shi ne kuma mai sayar da kwalbar.