Sakin Kasuwar Mai Da Lantarki: Riba Ko Asara Ga Mai Kiwon Kaji Da Kifi A Damri?



Duk wanda ya zo neman shawara kan fara kiwon kaji ko kifi, tambayoyinsa ba sa wuce uku: nawa ne ɗan tsako, nawa ne buhun abinci, nawa zan samu? Da wuya ka ji wanda ya ce, nawa zan kashe a mai da wuta? Alhali yau a yankinmu na Damri da Bakura, har zuwa Talata Mafara da Maradun, wannan tambayar ita ce ke raba wanda zai ɗore da wanda zai rufe ɗaki bayan zubi biyu. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu warware abin da ake kira sakar wa kasuwa mara, mu ga ina ya amfane mu, ina kuma ya cije mu.

Me aka sake, kuma yaushe?

Ma'anar abin a taƙaice ita ce gwamnati ta janye hannunta daga tsayar da farashi, ta bar 'yan kasuwa su saya su sayar gwargwadon abin da kaya ya tsaya musu. Ba rana ɗaya aka yi shi ba. Man gas na manyan injina ya daɗe da fita daga tallafi, kananzir ya biyo baya a 2016. A watan Agusta na 2021 aka sa hannu kan sabuwar dokar masana'antar man fetur. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Cikin kwanaki kaɗan litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a garuruwa da yawa.

Ta ɓangaren wuta, NEPA ta koma PHCN a 2005, aka fara miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu a watan Nuwamba na 2013. Mu a Zamfara muna ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric ne, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi damar kafa tasu kasuwar wuta. Enugu da Ekiti da Ondo na cikin waɗanda suka fara karɓar wannan iko a 2024. Amma a lura, wuta ba a sake ta gaba ɗaya kamar fetur ba. Har yanzu akwai hukumar da ke amincewa da farashi, wato NERC, kuma an kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: Band A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Sauran rukunan aka bar su da tallafi.

Inda aka amfana

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: tun lokacin tallafi, mutumin ƙauye bai cika sayen mai a farashin gwamnati ba. Idan aka shiga wahalar mai, gidajen mai su rufe, sai dai ka je wurin 'yan bumburutu ka saya a galan da tsada, wani lokacin ma gauraye. Mai kifi kuwa ba ya iya ce wa ruwan kwami ya jira a gama layi. Idan ruwa ya ɓaci, ya fara wari, kwana ɗaya ya isa ka wayi gari tarwada ta juya ciki sama. To, amfani na farko shi ne samuwa. Man da ke nan da tsada ya fi man da ke da araha a rediyo amma babu shi a famfo.

Na biyu, gasa. Matatar Dangote da ke Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da man gas a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba na shekarar. Bayan haka mun ga abin da ba mu saba gani ba: farashi ya hau, ya kuma sauko. A cikin 2025 lita ta faɗo ƙasa da naira 900 a wasu gidajen mai na manyan birane saboda 'yan kasuwa na rige-rigen ciniki.

Na uku, tsadar fetur ta buɗe wa mutane ido kan sola. Da can wa zai saurare ka idan ka ce ya sa famfon sola, alhali lita ba ta kai 200 ba? Yanzu masu sayarwa sun yawaita, masu haɗawa da gyarawa ma sun ƙaru. Doka ta kuma ba kamfanoni damar kafa ƙaramar tashar wutar sola su sayar wa gari guda kai tsaye, kuma hukumar samar da lantarki a karkara, REA, na tallafa wa irin waɗannan ayyuka. Ga gari irin namu da ke can ƙarshen waya, nan ne ainihin fatan yake.

Inda ya cije mu

Na farko, nisa. Da akwai wani asusu na gwamnati da ke biyan kuɗin dakon mai zuwa Arewa don farashi ya zo kusan ɗaya a ko'ina. Da aka saki kasuwa, wannan ya tafi. Yanzu tankar da ta taso daga Legas, kuɗin gas ɗinta da na hanya duk a kan lita suke sauka. Kafin mai ya iso Gusau ko Mafara ya ƙara kuɗi, kafin ya iso Damri a jarka ya sake ƙarawa, ga kuma matsalar tsaro da ke sa masu abin hawa tsauwala kuɗin dako. Idan farashi ya tashi a Legas da safe, da yamma ya iso mana. Idan ya sauka kuwa, sai a ce a jira tsohon kaya ya ƙare. Gasar da ake magana, a inda gidajen mai suke jere take aiki, ba inda mai sayarwa ɗaya ne ko biyu ba.

Na biyu, mai yana ɓoye cikin komai. Abinci shi ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kiwo, sau da yawa kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Masara da waken suya da mota ake ɗauko su, da inji ake niƙa su. Abincin kifi mai yawo a saman ruwa sai da babban inji mai jan wuta sosai ake yin sa. 'Yan tsaki da yawa daga Ibadan ko Jos ko Kaduna suke tasowa. Ko ba ka da janareto, kana biyan kuɗin mai a cikin kowane buhu.

Na uku, mai saye ma ya talauce. Magidancin da kuɗin mashin da na cefane suka ninka masa, ƙwai da kaza ne farkon abin da zai cire daga lissafi. Kai kuɗin samarwa ya hau maka, shi kuma ba zai iya biyan ƙari ba. Mai kiwo ne ke matse a tsakiya.

Na huɗu, solar da muke yabo ita ma ta yi tsada, domin a watan Yuni na 2023 aka saki naira. Dalar da ke kusan 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, kuma faranti da batir yawanci daga waje suke zuwa.

Sai batun wuta. Tunda Band A ne ke biyan cikakken kuɗi, a hankalce kamfani zai fi karkata inda kuɗinsa ke dawowa. Mu da ke ƙananan rukunai, wutarmu na da araha, amma araha ba ta ƙyanƙyashe ƙwai. Injin ƙyanƙyasa na buƙatar zafi kusan digiri 37.5 ba yankewa har kwana 21. Wutar awa huɗu ko takwas ba za ta riƙe shi ba.

Mu buga lissafi

Wannan misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin. A ce ka zuba tarwada 1,000, kana canza ruwa duk bayan kwana biyu, injinka na shan lita 2 kowane canji, har wata biyar. Canji 75 ke nan, lita 150. Lokacin da lita ke 190, kuɗin ruwa naira 28,500 ne. Idan lita ta kai 1,000, ya zama 150,000. A ce 900 suka rayu: da kowane kifi na ɗauke da kusan naira 32 na mai, yanzu kusan 167. Ba ka taɓa abinci ba, ba ka taɓa magani ba. Ka ga inda ribar da aka lissafa a takarda ke zurarewa.

Haka janareto. Ƙaramin janareton fetur da ƙyar yake ba ka yunit biyu daga lita ɗaya. Idan lita na 1,000, yunit ɗinka ya tashi 500 ko fiye, ninki biyu na abin da mai Band A ke kuka a kansa. Wato wanda ba shi da wuta shi ke shan wuta mafi tsada a Najeriya.

Darasin Bakolori

Ba sai mun je nesa ba. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978. An tsara ta shayar da kusan hekta 23,000, kuma kusan 15,000 daga ciki da ban-ruwa na feshi ne, wanda sai injina sun tura ruwa. Sauran kuwa ruwa ne ke gangarowa da kansa ta magudana. Shekaru suka tafi, ɓangaren feshi ya tsaya, na gangare ya ci gaba da ciyar da mutane. Idan babban aikin gwamnati ya gaza riƙe injin da ke buƙatar ciyarwa kullum, ina ga mai kwami biyu a bayan gida? Gonar da ta fi ɗorewa ita ce wadda ta fi ƙarancin dogaro da inji.

Shawarata ga mai shirin farawa

Kafin ka sayi ɗan tsako ko ɗaya, ware layi na musamman a lissafinka ka rubuta "mai da wuta", sannan ka ƙara kashi 30 cikin 100 a kai. Idan da wannan ƙarin har yanzu akwai riba, bisimilla. Idan babu, rage girman aikin.

Mai kifi, gina kwaminka yadda ruwa zai fita da kansa idan ka buɗe bututu, kada ka biya kuɗin shigar da ruwa ka kuma biya na fitarwa. Ɗora tanki a sama, famfon sola ya cika shi da rana. Da wannan tsari ba ka buƙatar batir, tankin ne batirinka. Ruwan da ka zubar kuma ka juya shi ga alayyahu ko tumatir, taki ne. Kada ka cika kwami da kifi fiye da kima, domin cunkoso shi ke tilasta yawan canjin ruwa. Idan kasuwa ta tsaya, banda ta fi firiza rufin asiri.

Mai kaji, 'yan tsaki na son zafi kusan digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa sannu a hankali. Tukunyar gawayi na yin aikin, amma a bar gawayin ya kama sosai a waje kafin a shigar, a kuma bar kafar iska, saboda hayaƙinsa na kisa. Kaji masu ƙwai na son haske kusan awa 16 a rana, kuma 'yan fitilun sola sun isa su cike abin da rana ta rage. Ka gina ɗaki mai tsawo daga gabas zuwa yamma, gefe a buɗe da raga, don zafin bazara kada ya sa ka neman fanka. Allurar rigakafi irin su Gumboro da Lasota na son sanyin digiri 2 zuwa 8. Ku haɗu ku da maƙwabta ku sayo rana ɗaya a kula mai ƙanƙara, ku yi amfani da ita a ranar. Injin ƙyanƙyasa kuwa, bar shi sai ka samu sola mai batir da ka amince da ita.

Idan kana kan layin wuta, nemi mita, ka kuma san rukunin da aka sa ka, domin kana da haƙƙin kai ƙorafi idan ana cajin ka awannin da ba ka samu ba. Sannan a haɗa kai. Mutum biyar da suka ɗauki mota ɗaya ta kawo musu abinci daga Mafara ranar Talata sun fi biyar da kowa ya hau mashin dabam.

To, riba ce ko asara? Sakin kasuwa ya kawo samuwa da gasa da zaɓi, amma su waɗannan birni suke fara sauka. Tsadar kuwa ba ta ɓata lokaci a hanya. Farashin lita ba a hannunmu yake ba, amma yawan litar da gonarka za ta sha a hannunka yake, kuma tun ranar da ka aza tubalin farko ake yanke shi. Don haka a fara da kaɗan, a rubuta kowace lita, a bar riba ta sayi faranti ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.