Idan Ra'ayi Ya Bambanta A Cikin Gida

Yau za mu yi magana a kan miji da mata da suka sami saɓanin ra'ayi wajen renon 'ya'yansu.

Tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a shekarar 1991, Suleja ta ƙara cika da baƙi. A unguwa kamar Hashimi za ka tarar da Gbagyi da Koro da kabilu da yawa daga kudancin Kaduna da Filato. Auratayya ta haɗa su, ta kuma kawo wata gardama a gidaje da dama: da wane harshe za a yi wa yara magana? Maigida ya ce sai yaren iyaye, don kada yaro ya je ƙauye ya kasa gaishe da kakarsa. Uwargida ta ce sai Turanci, domin da shi ake rubuta jarrabawa. Yaran kuwa Hausa suke yi a waje. Wa ke da gaskiya? Kowannensu yana riƙe da wani sashe nata. Ko gwamnatin tarayya ma ta sake ra'ayi a kan wannan: a 2022 ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta janye. In masana sun bambanta, ba abin kunya ba ne miji da mata su bambanta.

Haɗarin yana wajen yadda ake tafiyar da saɓanin. Mu duba gidan Ishaku a Farawa sura 25 da ta 27. Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu kuwa ta fi son Yakubu. Ba mu karanta inda suka zauna suka tattauna batun albarkar ba. Ishaku ya shirya nasa, Rifkatu ta saurara, ta shirya nata a ɓoye. Ƙarshensa Isuwa ya ƙudura kashe ɗan'uwansa, Yakubu ya gudu Haran ya yi shekara 20 a gidan Laban. Rashin magana tsakanin iyaye, 'ya'ya ne suka biya kuɗinsa.

Sai mu duba Musa a Fitowa sura 18. Surukinsa Yetro ya ga yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya faɗa masa cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi. Musa, wanda Allah yake magana da shi, bai ce baƙo ba zai koya masa aiki ba. Ya ji, ya naɗa mataimaka, nauyi ya ragu.

To, yaya za mu yi a gidajenmu? Na farko, ka bar mutum ya gama maganarsa. Karin Magana 18:13 ta kira amsa kafin saurare wauta, Yakubu 1:19 kuma ya ce mu riƙa gaggauta ji, mu jinkirta magana da fushi. Na biyu, ka tambayi dalilinsa. Uwar da ta nace wa Turanci tana tsoron kada ɗanta ya rasa aiki, uban kuma yana tsoron kada ya rasa asalinsa. Dukansu ƙaunar yaron ce. Na uku, kada a yi gardamar a gaban yara, kada kuma a sa yaro ya zaɓi gefe. Na huɗu, ku nemi abin da zai ɗauke ku duka biyu: yare a gida, Turanci wajen aikin makaranta. Yaro yana iya ɗaukar harsuna uku ba tare da wata illa ba.

Wannan ba ya nufin a yarda da zunubi. In ana zaluntar yaro ko ana koya masa ƙarya, dole a tsaya a kan gaskiya, a nemi taimakon fasto da dattawan ikkilisiya. Amma yawancin gardamarmu irin ta Romawa sura 14 ce, inda Bulus ya gargaɗi masu bi kada su raina juna saboda abinci da ranaku.

Maigida, yaushe rabonka da ka ce wa matarka, "Maman yara, mene ne naki ganin?" Uwargida, kin taɓa tambayar mijinki abin da yake tsoro? Ku gwada a wannan mako, ku kuma rufe zaman da addu'a tare. Ubangiji ya ba gidajenmu salama. Amin.